Maganin Inna Hansai a Ɗakin Gwajin Jamusawa

Wanda ya fara tarbata a ƙasar Jamus kare ne. Ina sauke jakata daga wurin ɗaukar kaya ya zo ya zauna a gabanta, ya ɗaga kai yana kallona kamar mun yi alkawari. Ma'aikata biyu suka ja ni gefe suka zazzage jakar a kan tebur. Kilishi, daddawa, kuka, da yajin da matar yayana ta yi kwana biyu tana dakawa, duk suka tattara suka zuba a baƙar leda, ɗayansu har yana toshe hanci. Jamusancin da na yi wata uku ina koyo a Kano ya gudu ya bar ni, ko kalma biyu na kasa haɗawa. Abu ɗaya ne ya tsallake, shi ma don ban san da shi ba. Sai da na kwana huɗu a garin da aka tura ni, na zura hannu a aljihun ciki na rigar sanyin da na saya a gwanjo, na ji wani ɗan ƙulli a tsumma.

Ban buƙaci kwancewa ba, warin ya gaya mini. Aikin kakata ne, Inna Hansai, mahaifiyar babanmu, wadda ke zaune a Sara cikin ƙasar Gwaram. Maganin gyambo take bayarwa tun kafin a haife ni. Mutane kan zo mata daga Wurno, daga Birnin Kudu, har daga ɓangaren Bauchi, ƙafa naɗe da tsumma ƙudaje na bi, ta wanke, ta barbaɗa wani baƙin gari, bayan 'yan makonni mutum ya dawo da ƙafarsa yana godiya. Ba ta taɓa ɓoye cewa sassaƙen marke ne ba, kowa a garin ya sani. Ni kuwa da na karanta harhaɗa magunguna a Kano, na yi shekaru ina aiki a Birnin Kudu cikin farar riga, sai na koma ina kallon garin nan nata da gefen ido. Wasan jika da kaka ne tsakaninmu, ita tana ce mini Maigida, ni ina ce mata Amarya, to a cikin wasan nake saka raini na, ita kuma tana yi kamar ba ta gane ba.

Garin da na sauka ƙarami ne, kogi ya raba shi biyu. A wannan gaɓar jami'a take, a waccan kuma kamfanin magungunan da ya ɗauki nauyin karatuna. Ɗaki na samu a can saman wani tsohon bene, rufinsa a karkace, in na miƙe tsaye da garaje sai na ƙume. Mako uku na farko ba wanda ya yi mini magana in ban da mai karɓar tikiti. Ka yi wa mutum sallama a matakala ya dube ka kamar ka roƙe shi wani abu. Wani Baturke mai gasa burodi a kusa da tashar jirgin ƙasa ne ya fara tambayata sunana. Ya ga ina ta zagaye da rana tsaka ranar Juma'a, hannuwa a hammata, ya fito da gari a hannunsa ya nuna mini wata ƙofa a bayan shagon gyaran keke, ya ce masallaci yana ciki. Da na fito ya ajiye mini shayi a ƙaramin kofi, ya ƙi karɓar komai. Na sha ina juya masa baya don kada ya ga idona.

Ranar da na fara aiki, kafin a nuna mini ko kujerata, aka kai ni ofishin wata mata daga kamfani, Dakta Katrin, doguwa mai murmushin da ba ya kaiwa ido. Ta tura mini takarda mai shafi da yawa. Ta yi mini bayani a hankali, kamar mai koya wa yaro alwala: duk abin da na gano a ɗakin gwajin nan na jami'a ne da kamfani tare, kuma ba zan faɗa wa kowa ba, ko aboki, ko ɗan'uwa, har sai lauyoyi sun yi masa rajistar mallaka. In magana ta fita kafin nan, aikin ya lalace. Na sa hannu ina jin kaina wani babba. A zuciyata na ce wa zan faɗa wa ma, mutanen Sara?

Aikinmu neman sabon magani ne ga ƙwayoyin cutar da suka daina jin magungunan da ake da su. Jami'a ke nema, kamfani ke zuba ido. Duk bayan wata uku mutanen kamfani su haye gada su zo da kwamfutocinsu, a zauna a dogon tebur, kowa ya nuna abin da ya samu. Wanda aikinsa ya nuna alama a ƙara masa wata uku, wanda bai nuna ba a rufe, ba faɗa ba tsawa, har da biskit a faranti. Farfesanmu mutum ne mai kirki amma kullum a firgice yake, kamar mai jiran baƙi bai yi cefane ba. A ƙarƙashinsa akwai Markus, wanda ya riga ni da shekara uku, shi aka ce ya riƙa duba aikina. Sai kuma wani dattijo, Yozef, mai wanke kayan gilas da haɗa abincin ƙwayoyin cuta, wanda ya fi Farfesa daɗewa a wurin. Ni dai Baba Yozef nake ce masa, da na fassara masa ya yi dariya ya ce ya karɓa.

Wata takwas ina ɗiga sinadarai a kan 'yan farantan gilas da muke renon ƙwayoyin cuta a ciki, ba abin da ya motsa. Ana cikin haka kwalba ta fashe a hannuna ta yanke ni a tafi. Aka ɗinke, aka ba ni magani, amma wurin ya ƙi kamewa, kullum da ruwa. Wata Asabar da hantsi, haushi ya ishe ni, na kwance ƙullin Inna na barbaɗa kaɗan, ina yi ina waige kamar wani zai gan ni. Kwana biyar ciwon ya bushe. Ban ce maganin ne ba, ban kuma ce ba shi ba ne. Sai dai na ɗebi ɗan kaɗan a takarda na kai ɗakin gwaji, na jiƙa a sifirit, na ɗiga a tsakiyar farantin ƙwayar cutar da ta fi kowacce taurin kai a wurinmu.

Da safen Litinin na ɗaga farantin na kalli haske. Ƙwayar ta cika ko'ina, amma kewayen ɗigon nan fes yake, da'ira mai faɗin kwabo, ba komai a ciki. Na kira Baba Yozef. Ya sa tabarau, ya cire, ya sake sawa.

"Daga ina ka samo wannan?"

Na ce, "Daga kakata."

Ya ce, "To ka gaishe ta."

Kafin azahar magana ta kai wa Farfesa, kafin la'asar ta haye gada. Aka ce a maimaita, aka maimaita, da'irar ta sake fitowa. Farfesa ya ce a jiƙa garin duka a tace, don a samu abin da zai isa a gano sinadarin. Na zazzage ƙullin kaf da hannuna. A littafin aiki na rubuta: garin sassaƙen marke, ya ɗan yi datti saboda rashin kyakkyawan ajiya. Har yau in na rufe ido ina ganin layin nan da rubutuna. Da takardar sanar da ƙirƙira ta fito, sunan Markus ne a sama, nawa na uku, na Inna babu. Na yi magana, Markus ya dafa kafaɗata ya ce haka tsarin yake, ai shi ne mai duba ni. Na haɗiye, na ce in magani ya fito kowa zai san gaskiya.

Abin da muka tace bai isa ba. Mun ga alamar sinadarin a na'ura, amma ya ƙare kafin a san siffarsa. Sai a kawo wani sassaƙen. Wannan karon ta hanyar da doka ta yarda: takardun izini daga gida, wani malamin tsirrai daga wata jami'ar Arewa da zai je ya tabbatar da bishiyar, yarjejeniyar cewa in an ci riba za a tuna da inda abin ya fito. Na kira Yaya Bala, babban wanmu, direba ne da ke jigila tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, na ce ina son sassaƙen marke daga bishiyoyin da Inna ke sara, kuma mai tsabta, don Turawa za su gani. Da bakina na faɗi haka.

Daga baya aka ba ni labarin yadda aka yi. Gidanmu gaba ɗaya ya tashi. Kayan da za su shiga jirgi su je Turai da sunan gidan! Aka zaɓi sassaƙe mafi kyau, mata suka kankare bayansa da wuƙa, aka wanke, aka ɗauraye, aka shanya a sabuwar tabarma a kan rufin kwano inda kaza ba za ta taka ba, aka zuba a sababbin ledoji. Da kwalin ya iso na buɗe, har alfahari na yi. Ja wur, ƙamshin itace, ko ƙura babu. Na jiƙa, na ɗiga, na jira. Ƙwayar cutar ta haye kan ɗigon ta yi zamanta.

Aka ce ko lokacin sara ne. Aka kawo na damina, aka kawo na rani. Na gabas da bishiya, na yamma da ita, saiwa, ganye. Shekara guda cur muna wannan, ba da'ira ko ta ƙwayar gero. A zaman wata uku Dakta Katrin ta daina kallona in tana magana, Farfesa take kallo. Markus ya nemi a cire sunansa daga takardar. Wata rana ina bayan ƙofar ɗakin shan shayi na ji yana ce wa wani, wa ya san abin da aka zuba a garin farkon nan, ai a ƙasarsu ana niƙa ƙwayar asibiti a haɗa da na gargajiya. Na tsaya da kofi a hannu. Ban shiga ba, kuma ban sake shan shayi a ɗakin nan ba.

Inna ba ta da waya. Sai ranar Juma'a in Yaya Bala ya je Sara yake kira ya miƙa mata. Ita kuwa ihu take yi a waya, wai Jamus da nisa.

"Maigida! Mijin banza, ka gudu ka bar ni ba cefane. Ka ci abinci?"

"Na ci, Amarya. Ya ƙafar?"

"Ƙafa ta tsufa. Kai, wai me kuke yi da itacen nan da kake ta aikowa a ɗiba? Girki kuke yi da shi?"

Ga amsar a bakina. In ce Inna, garinki ya kashe abin da ya gagari Turawa, amma na sassaƙen ya ƙi, me ya bambanta su? Sai takardar nan ta faɗo mini, da muryar Dakta Katrin, ko ɗan'uwa. Ga Yaya Bala a gefe, na san wayar a buɗe take, rabin unguwa na saurare. Amma in zan faɗi gaskiya ba takardar kaɗai ba ce. Kunya nake ji in tambayi tsohuwar da ba ta san bihim ba abin da ni da Farfesa muka kasa.

Na ce, "Bincike ne kawai, Inna."

Da ta sake magana ta sauke murya, ba wasa a ciki.

"Sa'idu, abin da suke aiko maka itace ne, ba magani ba ne. Ka zo in nuna maka."

"Ki faɗa mini yanzu mana, ina da biro."

"Ba a ba da magani ta waya. Ni ma uwata ba faɗa mini ta yi ba, hannuna ta kama ta sa a ciki. Ka zo da goronka ka durƙusa kamar kowa."

Na ce to, in an yi hutu. A raina na ɗauka addu'o'in da take tofawa take nufi, da son ganin jika irin na tsofaffi. Sinadari yana cikin itace ko ba ya ciki, haka aka koya mini, tofi ba ya ƙara shi. Ga takardar izinin zamana tana wurin hukuma ana sabuntawa, in na fita ba lallai in dawo ba. Ga zaman wata uku ya matso. Hutu ya zo ya wuce ban je ba.

Daga nan ne warin ya fara bina. Warin garin nan, kamar na ɗakin da aka rufe duk damina. In ina tafiya a dogon barandar jami'a da rana tsaka, wurin da ake goge shi da sabulu sau biyu a yini, sai in ji shi ya bugi hancina, in tsaya in waiwaya, ba kowa. A cikin jirgin ƙasa, a layin biyan kuɗi a kanti, har a sahun salla. Na wanke rigar sanyin sau uku, daga baya na ba da ita. Bai daina ba. Juma'a uku a jere na kira, Yaya Bala ya ce Inna ta kwanta, ko ta shiga maƙwabta, ko ta tafi Gwaram gaisuwa. Ban kawo komai ba, don kaina yana kan faranti.

A zama na gaba Dakta Katrin ta ce kamfani ya ba mu mako shida. In ba a sake ganin da'irar ba za a rufe, kuma jami'a za ta duba yadda aka yi aka samu sakamakon farko. Kowa ya gane me take nufi.

Washegari da safe Baba Yozef ya kira ni ɗan ɗakinsa na baya. Mutum ne da ba ya yar da komai, har marfin kwalba yana da akwatinsa. Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko wata leda, a ciki tsumman ƙullin Inna ne, wanda na jefa a kwandon shara shekara ɗaya da rabi da suka wuce. Ya yanki zare ɗaya ya sa a ƙarƙashin na'urar duba ƙwayoyin cuta, ya matsa mini.

"Duba. Ni ba dakta ba ne, amma wannan ba itace ba ne."

Na duba. Tsakanin zaren tsumman da burbushin sassaƙe wasu siraran zaruruwa ne sun sarƙe ko'ina, da 'yan ƙwallaye a kansu. Fumfuna. Ba datti ne ya hau maganin ba, ita ce maganin. Sassaƙen abincinta ne kawai.

Na zauna a kan wani kwali. Abin ya dawo mini gaba ɗaya. A bayan ɗakin Inna akwai wata tsohuwar tukunyar ƙasa da aka binne rabinta a inuwa, an rufe da faifai, ba a barin yara su je wurin. In ta daka sabon sassaƙe sai ta yayyafa ruwa ta zuba a ciki, ta ɗebo kaɗan daga tsohon ta cuɗa, yadda Fulani ke barin ɗan tsohon nono a ƙwarya don sabo ya kama. Na taɓa ganinta ta ɗaga faifan, ina aji biyu a jami'a, ciki ya yi gashi fari da kore. Na toshe hanci na ce, Amarya, wannan ƙazantar za ki kashe mutane da ita. Ta yi dariya ta ce in matsa in ba ta wuri.

Na ce wa Baba Yozef mu rena ta daga tsumman. Ya girgiza kai. Dokar wurin ce duk abin da ya zo daga waje a sa shi a na'urar tururi mai kashe duk wani abu mai rai kafin a ajiye, shi kuma ya bi doka. Mun gwada duk da haka, faranti goma sha biyu, ba abin da ya tsiro. Fumfuna iri-iri ce a duniya, ba ta ƙirguwa, wannan kuwa tun daga uwar Inna ake renonta a tukunya ɗaya. Mai rai tana wuri ɗaya tak, a Sara.

Ban jira Juma'a ba. Na fita bakin kogi na kira Yaya Bala, ina jin hayaniyar tashar Birnin Kudu a bayansa. Na ce ya bar lodin nan ya tafi Sara yanzu ya ba Inna waya, na ce takarda ta ci kanta, zan faɗa mata komai.

Ya ce, "Ai ta ɗan..."

Na ce, "Yaya, don girman Allah kada ka ce mini ta shiga maƙwabta."

Na ji ya matsa daga hayaniyar, na ji ya rufe ƙofar mota.

"Sa'idu, sai haƙuri. Yau kwana ashirin da shida. Baffa ne ya ce kada a gaya maka sai ka gama jarrabawa, kana ƙasar mutane kai kaɗai."

Ban san na zauna a ƙasa ba sai da wata tsohuwa mai jan kare ta tsaya tana tambayata ko a kira motar asibiti. Na yi salati, na yi mata addu'a. Kuma Allah ya yafe mini, kafin hawaye ya zo tambayar da ta fito daga bakina ita ce, tukunyar bayan ɗakinta fa? Yaya Bala ya ce wace tukunya, shi bai sani ba, sai ya tambayi mata. Na ce kada kowa ya taɓa komai, ina zuwa.

Farfesa da kansa ya je hukuma ya karɓo mini takarda. Baba Yozef ya haɗa mini 'yan kwalabe da auduga mai tsinke a ƙaramin akwati, ya raka ni har tasha, abin da ba aikinsa ba. Baturken nan ya cusa mini burodi a jaka. Jirgin ƙasa, jirgin sama, wani jirgin saman, Kano. Daga Kano mota zuwa Birnin Kudu, inda Yaya Bala ke jirana, ya rame, ya kasa haɗa ido da ni. Muka kama hanyar Gwaram. Gero ya yi kai a gonaki, mata na tafe da itace, komai yana nan yadda na bar shi, abin har ya ba ni haushi.

Na fara zuwa maƙabarta. Da na dawo na gaisa da Baffa da sauran dattawa a zaure, na karɓi gaisuwa, na yi abin da ya kamata, sannan na shiga ciki na zarce bayan ɗakin. Rami ne kawai a wurin, an cike shi da yashi.

Anti Rabi, matar Yaya Bala, ta biyo ni tana goge hannu a zani. Ita ce ta yi jinyar Inna har ƙarshe, ita ta yi mata wanka.

"Tukunyar kake nema? Tana nan, ba a yar ba, Yayanka ya ce ka ce a ajiye. Ai tun ranar sadakar bakwai muka tone ta. Baƙi na ta shigowa, ga wari. Da aka ce kana tafe kuma na ce Dakta guda ba zai zo ya tarar da ita haka ba."

Ta shiga ta fito da ita a rungume. Ta zubar da abin ciki a bola tun tuni, ruwan sama ya bi ta kai. Ta dirje ta da toka, ta zuba tafasasshen ruwa, ta cusa kara ta kunna wuta a ciki yadda ake yi wa tukunyar da ta yi wari, ta kife ta a rana. Ta ajiye a gabana tana jiran in yaba. Na leƙa. Ƙamshin hayaƙi kawai.

Na ce, "Sannu da aiki, Anti. Allah ya saka da alheri."

Me zan ce mata? Abin da na roƙa tun farko shi ta yi mini. Na tambayi matan gidan ko akwai wadda Inna ta koya wa. Suka ce tana cewa na Maigidanta ne, shi ya yi karatun magani, shi za ta ba in ya dawo. Na kankare cikin tukunyar, na ɗebi ƙasar ramin, na tona bolar, na goga auduga a bangon ɗakin, na cika kwalaben Baba Yozef. Abubuwa da yawa sun tsiro daga baya a Jamus, irin fumfunar da ke kan kowane tsohon burodi, ba wadda ta yi da'ira. Dakta Katrin ta rubuto wasiƙa mai ladabi aka rufe aikin. Zaruruwan tsumman sun wanke ni daga zargi, na ƙarasa digirina a kan wani abu dabam da ba wanda zai tuna. Duk wannan ya wuce, ba shi ke hana ni sukuni ba.

Ana gobe zan bar Sara, da hantsi, ina zaune a ƙofar gida, ɗan acaba ya tsaya da wani dattijo a baya. Da ƙyar aka sauko da shi. Ƙafarsa ta hagu naɗe take da tsumma daga idon sawu zuwa gwiwa, tsumman ya jiƙe. Ya ce daga Wurno yake, shekara ashirin da suka wuce Inna ta warkar masa da ta dama, ya ɗage wando ya nuna mini tabon. Ya yi mini gaisuwar rashi, ya yi mata addu'a mai tsawo. Sannan ya laluba aljihu ya fito da goro biyu, ya lallaba zai durƙusa a gabana da wannan ƙafar.

Na riƙe shi na ce, "Baba, don Allah tashi."

Ya ce, "A'a Dakta, haka ake yi. An ce kai ta bar wa."

Na ce masa babu. Ya yi murmushi, ya ɗauka irin jan rai ne na masu magani, ya ƙara miƙo goron. Sai da na faɗa sau uku, sannan ya dube ni sosai ya mayar da goron aljihu. Na wanke masa ciwon da ruwan gishiri, na naɗe da sabon bandeji, na rubuta masa takarda zuwa asibitin Birnin Kudu. Ya karɓa da hannu biyu, ya ninke, ya ce ai daga can yake, wata huɗu ya yi a kwance.

Ɗan acaban ya tayar da mashin. Muka ɗaga shi mu biyu muka ɗora, ya gyara ƙafar da hannunsa don kada ta taɓa salansar mashin ɗin mai zafi.